In moto yana zubar da mai

Idan muka ga ɗigon baƙin mai a ƙarƙashin moto da safe, kada mu kama hanya. Injin da mai ya ƙare masa yakan yi zafi ya tsaya a daji, ko da marar lafiya muka ɗauko.

Mu wanke inji, ya bushe, sa'an nan mu tada shi kaɗan. Mai ƙasa yake gangarowa, don haka mu bi sawunsa zuwa sama. Sau da yawa daga ƙusar juye mai ne, zobenta ya cinye. Mu sa sabon zobe, mu ɗaure a hankali, gama ɗauri da ƙarfi yana lalata haƙoran ramin. In kuwa daga mahaɗar inji yake tsatsowa, liƙa sabulu aikin banza ne. Sai makaniki ya canza takardar da ke tsakani.