Haƙƙin Mai Jego: Hukuncin Shari'a Da Abin Da Al'ada Ta Ƙara

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, abin da ya jawo darasinmu na wannan mako wata tambaya ce da wani ɗalibina ya kawo mini a nan Chikaji bayan sallar Magariba. Matarsa ta haihu da kwana 20, ƙafafunta sun kumbura, ba ta iya kwanciya sai a jingine saboda sarƙewar numfashi, ga yawan kuka ba gaira ba dalili. Da ya ce zai kai ta asibiti, sai tsofaffin gidan suka ce mai jego ba ta fita sai ta yi arba'in, wai haka addini ya ce. To, amsa ita ce addini bai faɗi haka ba.

Abin da Shari'a ta sani shi ne jinin biƙi, watau nifasi. A mazhabar Imamu Malik, kamar yadda yake a Risala da Ahalari, mafi tsawonsa kwana 60 ne, alhali Hanafiyya da Hambaliyya sun tsaya a kwana 40. Idan ya ɗauke kafin haka, ko da ran haihuwar ne, sai mace ta yi wankan tsarki ta yi salla. Muddin yana zuba, an ɗauke mata salla ba ramuwa, azumi kuwa sai ta rama, kuma miji ba ya kusantarta. Wannan duk sauƙi ne daga Allah, wanda ya ambaci raunin uwa da wahalarta a Suratu Luƙman, aya ta 14. Babu inda aka hana ta fita neman magani.

Amma wankan jego safe da yamma da tafasasshen ruwa da ganye, da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da shan kunun kanwa, waɗannan al'adunmu ne na gado. Manufar iyaye alheri ce, su kori sanyi, su kawo ruwan nono. Sai dai ita al'ada ana ɗora ta a kan ma'aunin amfani da cuta, domin hadisin da ke cikin Muwaɗɗa ya hana mutum cutuwa, ya kuma hana shi cutarwa.

Zariya kuwa tana da tarihi a wannan batu. A asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Likita Davidson da Likita Parry sun bi lafiyar mata 224 waɗanda zuciyarsu ta gaza a lokacin jego, sakamakon ya fito a 1978. An ƙiyasta cewa ciwon yana kama kusan mace ɗaya cikin 100 da suka haihu a yankin. Sun zargi gishirin da ke cikin kanwa, wanda ke tara ruwa a jiki, da tsananin zafi, wanda ke ƙara wa zuciya aiki. Daga baya wani bincike a asibitocin Nijeriya, ƙarƙashin Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero ta Kano, wanda ya fito a 2020, bai tabbatar da cewa wanka da kanwa su ne tushen ciwon ba. Abin da ya fi bayyana shi ne rama, da hawan jini lokacin goyon ciki, da rashin karatu da sana'a.

Darasi biyu ke nan gare mu. Na farko, kada mu ɗora wa tsofaffi laifin duka, domin yunwa ma tana da hannu, ciyarwa kuwa a wuyan miji take, kamar yadda aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta wajabta masa ci da tufar mai shayarwa, ta kuma hana a cutar da uwa saboda ɗanta. Kuɗin da za a ƙarar a shagalin suna, gara a sai mata wake, ƙwai, nama, ganye da nono har ta murmure. Na biyu, matar da ke da hawan jini ko kumburi, kanwa da ruwa mai ƙuna ba nata ba ne. Ruwan ɗumi ya ishe ta tsabta.

Alamomin da ba a jinkiri a kansu su ne: sarƙewar numfashi, kumburin ƙafa ko fuska, tarin dare, ɓallewar jini, zazzaɓi, fitar ruwa mai wari, matsanancin ciwon kai, da jijjiga. Ko lafiya lau take, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a duba ta cikin awa 24 na farko, da rana ta 3, da tsakanin rana ta 7 da ta 14, sannan a mako na 6.

Saura batun kuka. Ku duba ƙissar Nana Maryamu a cikin surarta, daga aya ta 23 zuwa ta 26. Da naƙuda ta tsananta, har ta yi burin da ma ta mutu kafin ranar. Ba a zarge ta da ƙarancin imani ba. Sai aka kwantar mata da hankali, aka nuna mata ruwa da ɗanyen dabino, aka ce ta ci ta sha. Ga tarbiyya ke nan ga duk mai kula da mai jego: lallashi tukuna, sannan abinci.

Mata da yawa sukan yi 'yar damuwa a kwanakin farko, takan wuce cikin mako biyu. Idan ta zarce haka, mace ta daina cin abinci, barci ya ƙaurace mata, ta ƙi jaririnta, ko ta riƙa zancen mutuwa, to, ciwo ne, kuma yana da magani. Hukumar nan ta ce kusan mace ɗaya cikin biyar a ƙasashe masu tasowa takan gamu da irin wannan larura bayan haihuwa. Kada a yi saurin cewa iska ce ko sammu ko shagwaɓa. A yi mata addu'a, a zauna a saurare ta, a karɓar mata jariri ta samu barci, a kuma kai ta wurin likita. Neman magani ba ya karya tawakkali.

Shi dai ɗalibin nawa, na ce masa ya je ya durƙusa gaban iyaye cikin ladabi, ya karanta musu hukuncin, ya kai matarsa asibiti a daren nan. Ku ma magidanta, in irin wannan ta same ku, kada kunya ta hana ku. Kunya adon mumini ce, amma rai amana ne da za a tambaye mu a kansa.

Allah ya ba masu jego lafiya, ya raya abin da suka haifa bisa Musulunci, amin. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.