Daɓen Gareji: Kafin a Buɗe Gwangwanin Fenti

Duk mai aikin daɓe ya san wannan ƙorafin: an kashe kuɗi an shafe garejin gida da fenti mai ƙyalli, damina ba ta zagayo ba ya fara kumbura yana ɓarewa, musamman daidai inda tayoyin mota suke tsayawa. Mai gida ya ce jabu aka sayar masa, mai fenti ya ce ai ba a sayi mai tsada ba ne. Jabu kam akwai shi a kasuwa. Amma a mafi yawan wuraren da ake kiranmu gyara, in aka ɗaga ɓawon aka juya bayansa za a ga garin siminti manne da shi, ko a taɓa gurbin a ji sanyin danshi. Ke nan fentin ya kama, abin da ya kama ɗin ne ba shi da ƙarfi. Shi ya sa nake ganin duk mai son daɓe mai ƙarko ya fara bincika lafiyar kankarensa, ya ware wa gyaransa kaso mai tsoka na kuɗin aikin, kafin a zo maganar launi ko sunan kamfani.

Babban abokin gaba shi ne danshi. Kankare cike yake da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ta nan ruwan ƙasa yake hawowa ya fice a matsayin tururi. In aka toshe saman da shafi, tururin ya rasa hanya, sai ya taru a ƙarƙashi ya ɗaga shi. Sabon kankare yana bukatar aƙalla kwana 28 kafin a yi tunanin shafa masa komai, kuma wannan mafi ƙaranci ne. Tsohon daɓe ma bai tsira ba, domin gidaje da yawa an zuba musu kankare ba tare da an shimfiɗa leda a ƙarƙashi ba. Gwajin danshi ba shi da wuya: a yanko leda mai kauri, santimita 45 kowane ɓangare, a shimfiɗa ta a daɓen, a liƙe gefunanta huɗu da salatif, a bar ta aƙalla awa 16. In aka ɗaga aka ga raɓa a jikinta, ko wurin ya yi duhu, to daɓen yana jan ruwa. A kula da lokaci kuma. Daɓen da ya ci gwaji a watan Maris yana iya faɗuwa a Agusta, saboda haka wanda gidansa yake a fadama ko a kwari, ko yake ganin farin gishiri yana fitowa a gindin bango, ya yi gwajinsa da damina.

Sai fuskar daɓen kanta. Birkiloli da yawa sukan barbaɗa busasshen siminti a kan ɗanyen daɓe su goge shi da cokali har ya yi santsi. Ido yana son haka, amma abin da ya samu shi ne siririn ɓawo marar ƙarfi, kuma santsinsa ba ya ba shafi wurin riƙewa. Ga kuma baƙin mai da giris da suka shekara suna nutsewa a tsakiyar garejin. A ɗiga ruwa a wurare daban-daban a duba: inda ya shige ya yi duhu, ƙofofin a buɗe suke, inda ya tsaya dunƙule, akwai mai. Maganin shi ne a wanke man da sinadarin cire maiƙo, sannan a gurje saman duka da injin gurza har ya yi kaushi kamar samfefa, a cike tsagu, a zuƙe ƙurar tas. Wasu za su ce ai wanki da asid ya wadatar kuma ya fi araha. Asid yana buɗe fuskar siminti mai tsabta, gaskiya ne, amma ba ya cin mai, ba ya cire tsohon fenti, sannan yana mayar wa daɓen da ruwan da ake ƙoƙarin kora. Masu gurza kuwa lallai su sa takunkumi na ƙwarai, domin ƙurar kankare tana lalata huhu, kuma ɓarnar ba ta gyaruwa.

Bayan wannan ne zaɓin shafi yake da ma'ana. Fentin mai na ƙofa da taga ba na daɓe ba ne. Taya da ta sha kwalta da rana tana tausasa shi, in ta huce ta ɗauke shi. Ifoksi mai gwangwani biyu shi ya dace, domin ba bushewa yake yi ba, haɗuwar ruwan biyu ce take daskarar da shi. Don haka ma'aunin da kamfani ya rubuta ba abin kintace ba ne, kuma tsinka shi da tina don ya yi auki cin amanar mai gida ne. Zafi yana gaggauta daskarewar. A bazarar Kano ko Sakkwato, inda zafi kan haura digiri 40, haɗin da aka bari a bokiti zai ɗau zafi ya sandare kafin a kai rabin garejin, don haka a riƙa haɗa kaɗan kaɗan. Shafin farko an fi so a yi shi da yamma, lokacin da daɓen yake hucewa, saboda da hantsi iskar da ke cikin kankare tana fitowa ta bar ƙuraje a jikin shafin. Da hunturu a rufe ƙofa saboda ƙura. In garejin rumfa ce da rana take shiga, ifoksi zai yi rawaya, sai an rufe shi da foliyuretan mai jure rana. A barbaɗa busasshen yashi mai tsabta a shafi na biyu, don ifoksi in ruwa ya jiƙa shi yana da santsi ƙwarai.

Na san za a ce duk wannan ya yi yawa a kan wurin ajiye mota, kuma kuɗin gurza kaɗai zai sayi fenti. Sai dai wanda ya tsallake gurza yau zai biya ta gobe, har da ƙarin kuɗin kankare shafin da ya lalace. Kuma ba kowane daɓe ne ya cancanci ifoksi ba. In leda ta nuna danshi, kuma babu halin sayen shafin tare danshi na musamman, gara a sa tarazo ko tayil mai kauri, ko a gurje simintin a bar shi haka. Daɓen da ya ci gwaji aka shafe kuwa, ana iya taka shi bayan kamar kwana ɗaya, amma mota ta kwana a waje har mako guda, sai dai in takardar kamfanin ta faɗi wani abu daban.