Ciwon damuwar da ya ƙi jin magani: ana warkewa kuwa?

Ana warkewa, kuma warkewa mai ɗorewa. Na fara da amsar ne domin na san wanda ya shekara uku ko biyar yana fama da ciwon damuwa da fargaba ba shi da ƙarfin bin dogon bayani kafin ya kai gare ta. Sai dai amsar tana da sharuɗɗa, sharuɗɗan nan kuwa su ne aikina na kullum a sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, don haka sai a ɗan yi haƙuri da ni.

Mu likitoci ba ma cewa ciwon damuwa ya ƙi jin magani sai an gwada magunguna biyu daban-daban, kowanne a cikakken awonsa, an sha shi kullum ba fashi har kamar mako shida zuwa takwas, kuma ba a samu sauƙi ba. Idan aka ɗora masu zuwa wurina da ƙorafin "na gaji da shan magani" a kan wannan ma'auni, mafi yawansu ba su kai gare shi ba. Ciwonsu bai ƙi magani ba, maganin ne bai taɓa samun damar yin aikinsa ba.

Duk wanda ya ce mini, "Likita, babu abin da ban sha ba," nakan ce ya zo mini da ledar magungunansa. Kusan kowa yana da ita. Sai mu zazzage ta a kan tebur: maganin taifod kala-kala, na maleriya, na olsa, na ƙarin jini, ga ƙwayar baliyom da mai kemis ya ba shi don barci. Can ƙasa sai in tarar da katin amitiriftilin mai miligiram 25, an ɓalle 'yan ƙwayoyi an bar sauran.

"Malam, me ya sa ka ajiye wannan?"

"Busar mini da baki yake yi, Likita, ga kasala, kuma ban ga wani canji ba."

Gaskiyarsa ce. Maganin yana busar da baki yana sa kasala, kuma waɗannan su ke fara zuwa tun a kwanakin farko, amfanin kuwa sai bayan mako biyu zuwa huɗu yake soma bayyana. Miligiram 25 kuma awon farawa ne. Ga babba mai ciwon damuwa yawanci sai an kai 75 zuwa 150. Mutumin ya sha wahalar maganin, ya ajiye shi kafin ya ga ribarsa. Magungunan taifod ɗin kuma ba laifinsa ba ne, domin a nan ciwon damuwa ta jiki yake sallama: zafi a tsakiyar kai, wani abu yana yawo a ƙarƙashin fata, faɗuwar gaba, nauyin ƙirji, farkawa tun kafin assalatu a kasa komawa barci. Wa zai kai waɗannan wurin likitan ƙwaƙwalwa?

Akwai kuma abubuwan da ke ɓuya a bayan ciwon su hana shi tafiya. Raunin tayirod, wato halittar nan ta gaban wuya wadda kumburinta ke zama maƙoƙo, yana kawo mutuwar jiki da baƙin ciki, kuma gwajin jini kawai ke gano shi. Ƙarancin jini ma haka. Taramol da kodin da wiwi suna warware duk abin da magani ya ɗaura. Baliyom tana kwantar da fargaba a daren farko, amma bayan 'yan makonni jiki ya saba da ita, ranar da babu ita fargabar ta dawo ninki. Sai dai ba a yanke ta lokaci guda, a hankali ake ragewa. Wanda ya fi ɓoyuwa shi ne ciwon da ke kai mutum sama ya dawo da shi ƙasa. Mai shi ba ya zuwa asibiti sai yana ƙasa, shi ya sa nake juyawa ga uwargida in tambaye ta: "Hajiya, maigida ya taɓa yin kwanaki ba ya barci amma ba ya gajiya, yana ta surutu da rabon kuɗi da shirya manyan harkoki?" In ta ce e, to maganin damuwa shi kaɗai ba zai yi ba, wani lokacin ma dagula al'amarin yake yi. Sannan akwai matar da ake duka a gida, da mutumin da bashi ya yi wa katutu. Waɗannan ina ba su magani, amma ban taɓa yi musu alkawarin ƙwaya za ta gyara gida ko ta biya bashi ba.

To, sai waɗanda aka bi duk wannan, aka yi komai a kan ƙa'ida, ciwon ya ƙi. Suna nan, ba kuma kaɗan ba. Babban binciken da aka yi a Amurka mai suna STAR*D, wanda sakamakonsa ya fito a 2006, ya bi marasa lafiya kusan 4,000 mataki-mataki. Kimanin ɗaya cikin uku ne suka warke da maganin farko. A mataki na uku da na huɗu kuwa, waɗanda ke warkewa a kowane mataki ba su kai kashi 15 cikin ɗari ba, kuma masu fargaba haɗe da damuwar sun fi shan wahala. Masu binciken sun ce in aka tara matakan huɗu, kashi 67 ne suka warke. Wasu masana suka sake lissafin a 2023 suka ce kusan kashi 35 ne. Ko wanne aka ɗauka, abin da na karanta a ciki shi ne canza ƙwaya zuwa ƙwaya kaɗai ribarsa raguwa take yi. Bayan gwaji na biyu dole a canza dabara.

Dabara ta farko ita ce a ƙara wani magani a kan na asali, kamar litiyom, wanda ke buƙatar gwajin jini lokaci-lokaci saboda ƙoda da tayirod. Ta biyu, wadda muka fi sakaci da ita, ita ce jinyar tattaunawa da ƙwararre, wadda ake koya wa mutum kama mugun tunani yana tasowa da sauya halayen da ke ciyar da ciwon. A Birtaniya an gwada ta a kan mutum 469 da magani bai yi musu aiki ba, aka buga sakamakon a 2013: bayan wata shida, kashi 46 na waɗanda aka haɗa musu da tattaunawar sun samu sauƙi sosai, a rukunin da ba a haɗa musu ba kuwa kashi 22. Da aka koma musu bayan shekara uku zuwa biyar, bambancin yana nan. Wannan ɗorewar ita ce ta fi jan hankalina, domin abin da mutum ya koya yana tafiya da shi gida.

Fargaba musamman ba ta barin mutum in yana gudunta. Wata baiwar Allah da nake gani ta daina zuwa kasuwa, ta daina biki da suna, daga baya ko zaure ba ta leƙawa, saboda duk sanda ta fita sai gabanta ya yi ta dukan uku-uku ta ji kamar ranta zai fita. Da ita da ƙanwarta muka tsara aikin: yau ta tsaya a ƙofar gida har bugun zuciyar ya lafa da kansa, ba ta koma ciki yana kan ganiyarsa ba, mako mai zuwa kantin bakin layi, daga nan ta hau a-daidaita-sahu zuwa gidan yayarta. Watanni aka ɗauka, da ci gaba da koma baya. Yanzu ita ke zuwa cefane.

Akwai jinyar lantarki, wadda aka fara a birnin Rum a 1938, kuma sunanta kawai ke tsorata iyalai. A tsarin zamani ana sa mutum barci a ba shi maganin sassauta tsoka kafin a yi, kuma ga ciwon da ya tsananta har mutum ya daina ci da magana, ban san abin da ya fi ta sauri da ƙarfi ba. Tana iya taɓa tunawa da abubuwan da suka faru kusa da lokacin jinyar, wannan dole a faɗa wa mutum tun farko. Ketamin kuma, da aka amince da wani nau'insa na fesawa a hanci a Amurka a 2019, yana ɗaga wasu cikin sa'o'i, amma tasirinsa gajere ne, yana iya kama jiki, kuma ba abin da za a yi allurarsa a ɗaki ba ne.

Game da dogon zango, wani bincike da Abebaw Fekadu, likita ɗan Habasha, ya yi da abokan aikinsa a Landan aka buga a 2012 ya bi mutum 118 masu ciwon da ya gagari asibitoci da dama. Bayan kimanin shekara uku, kusan kashi 60 sun kai ga cikakkiyar warkewa, kusan rabin dukansu kuma sun riƙe ta aƙalla wata shida a jere. Cikin abubuwan da suka bambanta waɗanda suka warke har da samun mutanen da ke tsaye a kansu. Mu nan muna da dangi, abin da ya rage shi ne dangin su fahimci ciwon, su daina cewa "ka cika sa abu a rai" ko "raunin imani ne". Ban taɓa hana kowa addu'a ko ruƙiyya ba. Roƙona ɗaya ne ga malamai: kada a ce wa mara lafiya ya ajiye magani.

Inda muke yawan rasa mutane shi ne bayan sun ji sauƙi. Mutum ya dawo kasuwa, barci ya daidaita, sai ya ce ya warke, ko kuɗin magani su yi masa nauyi, ko a fara tsegumin kada a ji a gidan surukai. Wani gwaji a Amurka da aka buga a 2001 ya nuna cewa cikin waɗanda jinyar lantarki ta warkar, kashi 84 na waɗanda ba a ci gaba da ba su magani ba ciwon ya dawo musu cikin wata shida, waɗanda aka haɗa wa magani biyu kuwa kashi 39. Don haka ko a karon farko ana ci gaba da magani aƙalla wata shida bayan an warke, wanda ciwonsa ya sha dawowa kuma shekara biyu ko fiye. Kamar hawan jini ne: mai shan maganinsa yana aikinsa lafiya, ba wanda ke ce masa mara lafiya. Wasu daga baya muna janye musu maganin a hankali su zauna ƙalau, wasu kuma suna tare da shi. Kafin in tsawaita wa mutum ranar dawowa, nakan sa shi da wani na kusa da shi su rubuta alamun farko na ciwonsa. Na wani barci ne ke fara lalacewa, na wata kuma daina ɗaga waya.

Abu ɗaya ne ba ya jiran ranar ganin likita. Idan mutum ya fara cewa "gara in huta" ko "kun kusa rabuwa da wahalata", a tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta cusa masa tunanin. A kawar da fiya-fiya da maganin ɓera da tarin ƙwayoyi daga inda yake, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau ta Kano, akwai kuma sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa na Kano da Zariya. In waɗannan sun yi nisa, a fara da babban asibitin da ke kusa a nemi takardar turawa.