Darasi na 12: Haɗa launin tufafi

Ƴan'uwa, sau da yawa mutum zai buɗe akwati da safe, kaya ga su nan, amma ya rasa abin sawa. Riga ja ce, zane kore ne, gyale kuma ruwan hoda. Ko wanne da kyansa, amma ba su tafiya tare. Ga rana tana yi, ga aiki yana jira. Maganin wannan yana farawa tun a kasuwa, ranar sayen yadi.

Yadi ba araha gare shi ba. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa. Faran guda na Faransa da ake canjawa sefa 50 ya koma sefa 100. Kayan da ake kawowa daga waje suka yi tsada, har da atamfa da shadda. Mai noman hatsi da gyaɗa a Sassumbrum ya san wahalar da ake sha kafin a sami kuɗin turmi guda. To, don me za a saye shi a ajiye a ƙasan akwati?

Launi iri biyu ne. Akwai masu sanyi, kamar fari, baƙi, shuɗi mai duhu, ruwan toka da ruwan ƙasa. Waɗannan suna shiga da kusan komi. Akwai masu ƙarfi, kamar ja, kore, ruwan ɗorawa da ruwan goro. Su kam guda ɗaya ya isa a jiki. In sun yi yawa, sai ido ya gaji.

Ke ƴar'uwa, dubi atamfarki da kyau. Za ki ga launi biyu ko uku a cikin zanen. Ɗauki ɗaya daga ciki, ki nemi gyale ko hijabi mai irinsa. In ba ki samu ba, fari ko baƙi ya wadatar. Turmi yadi 6 ne, yana fidda riga da zane da ɗankwali. In za ki sake saye, a kasuwar Magarya ko a Kantin Kwari na Kano, tafi da ƙyallen tsohon. Ki kara shi jikin sabon, a hasken rana, ba cikin duhun rumfa ba.

Kai ɗan'uwa, naka ya fi sauƙi. Wando fari ɗaya, mai duhu ɗaya. Hula kuma ta ɗauki launin riga ko na zaren aikin wuya. Gaya wa tela haka tun kafin ya sa almakashi.

Bari mu yi lissafi. Mace mai riga 3 da zane 3, in ko wace riga da zanenta kaɗai take tafiya, shiga 3 gare ta. In duka suna shiga da juna, 3 sau 3, shiga 9 ke nan. Ba ta ƙara kashe ko dala ba.

Ku tuna da lokaci. Da bazara, farin yadi ya fi sanyi a jiki, baƙi kuwa zafi yake ja. Lokacin hunturu ƙura tana da yawa, ruwan ƙasa da ruwan toka sun fi ɓoye ta. Kayan gona ma haka.

Launi yana son kulawa. Sabon rini na baba yakan zuba, don haka a wanke shi daban, kada ya ɓata fari. A juya riga ciki waje, a shanya a inuwa. Rana tana cin launi.

Sai maganar anko. Biki kwana ɗaya ne ko biyu, bashi kuwa yana daɗewa. In za a fidda anko, a zaɓi wanda za a ci gaba da sawa bayan biki. Iya kuɗinka, iya shagalinka.

Tambayoyi
1. Faɗi launi 3 masu sanyi.
2. Yadi nawa ne a turmi guda?
3. Mai wando 2 da riga 4 masu shiga da juna, shiga nawa gare shi?
4. Rubuta launin kayan da ke jikinka yau.