Shawarwari 9 Ga Mai Tsohuwar Fijo Kafin A Buɗe Murfin Sarkar Taimin

Peugeot 504 ta fito a Faransa a 1968, kuma kamfanin PAN da ya fara aiki a Kaduna a 1975 ya yi kusan shekara 30 yana harhaɗa ta. Har yau akwai gidajen da ita ce ke kai yara makaranta, ita ce ke ɗauko amfanin gona daga ƙauye. A gaban injinta, bayan fanka da fuli, akwai wani murfi da ke ɓoye sarkar taimin. Wannan sarka ce ke haɗa kirankshaf da kamshaf, ta sa bawul su riƙa buɗewa da rufewa daidai lokacin da fistan ke bukata: kirankshaf ya zaga sau 2, kamshaf ya zaga sau 1. Sarka ta fi bel ɗin roba na motoci irin su Golf 3 da 406 daɗewa, amma ita ma tana cinyewa, kuma galibi ba ta lalacewa ba tare da ta yi gargaɗi ba. Ga abin da ya kamata maigida ya sani, ko da ba shi zai riƙe sifana ba.

1. Saurari injin da sassafe. Lokacin da mota ta kwana, baƙin mai ya sauka ƙasa, a nan ne sarkar da ta saki take tona kanta. Buɗe bonet, a tayar maka da motar, ka kasa kunne wajen fanka. Idan ka ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, ta ɗan daɗe sannan ta lafa, sarka ko tenshinan da ke ɗame ta sun fara gajiya. Idan ƙarar ba ta lafawa ko bayan injin ya yi zafi, abin ya yi nisa. Sauran alamun su ne raguwar ƙarfi a hawa, yawan shan fetur, da taimin da ake saitawa yau ya goce bayan mako biyu.

2. A gwada kafin a kwance. Ba kowace ƙara ce ta sarka ba. Famfon ruwa da bawul da ba a saita ba su ma suna yin tasu. Akwai gwaji mai sauƙi. A cire hular distiribita, a sa sifana a babban notin fuli, a juya injin gaba har rotar da ke cikin distiribitar ta motsa. Sai a yi alama da alli, a juya baya a hankali ana kallon rota. Tazarar da fuli ya yi tafiya kafin rota ta amsa, ita ce sakin sarkar. In ta kai wajen digiri 10, a shirya sauyawa. Bakaniken da ya ce a buɗe injin bai yi wannan ba, ka nemi ya yi a gabanka.

3. Sayi kayan a haɗe. Sarka ba ta cinyewa ita kaɗai. Fil-fil ɗin da ke haɗa gaɓoɓinta suna sirancewa, sarkar ta ƙara tsawo, ita kuma ta riƙa cin haƙoran giyoyin da take hawa har su yi tsini su karkata gefe ɗaya. Sabuwar sarka a kan tsofaffin haƙora ba ta yin ƙarko. Don haka a sayi sarka, giyoyin biyu, tenshina, gasket, da sil in murfin na da shi. Ko a Ƙofar Ruwa ta Kano ne ko a Panteka ta Kaduna, je da tsohon kayan a gwada da sabo, a ƙirga gaɓoɓi da haƙora. Sarkar da aka ciro daga wani injin ba abin saye ba ce, domin cinyewarta ba ta ganuwa da ido. Araha ba ta ado.

4. Yi ciniki a kan aikin gaba ɗaya. Kafin a taɓa noti ko ɗaya, ku daidaita da bakanike: kuɗin hannu, kayan da za a sauya, sabon baƙin mai da filta, da saitin taimin a ƙarshe. Ka ce a ajiye maka duk abin da aka cire. Wannan ba rashin yarda ba ne. Shi ne ke hana jayayya bayan an gama, kuma bakaniken kirki ba ya jin haushinsa.

5. A share hanya, a saita injin. A bar injin ya huce, a cire kan batir na ƙasa, a juye ruwan lagireto, a fitar da shi tare da fanka da fanbel. A wanke gaban injin da kananzir don kada yashi ya faɗa ciki, musamman lokacin hunturu da ƙura ke tashi. Sannan a juya injin har alamomin taimin su zo daidai. Da zarar an buɗe, a ɗauki hoton alamomin da waya kafin a zare sarkar. Bayan an zare ta kuwa, kada kowa ya juya kirankshaf ko kamshaf, ko da wasa.

6. A bi murfin a hankali. Nan ne aka fi yin ɓarna. Fuli ana zare shi da abin zarewa, ba da guduma ba, kuma a adana ɗan ƙaramin makullin ƙarfe da ke riƙe shi a jikin shaf. Notukan murfin sau da yawa tsawonsu ba ɗaya ba ne. A samu kwali, a zana siffar murfin, a soke kowane noti a inda ya fito. Idan murfin ya ƙi tasowa, a sake lalubawa, galibi akwai noti guda da datti ya rufe. Kada a cusa sukundireba a tsakani a banƙare, domin murfin da ya lanƙwashe ko ya karce ba ya daina yoyo. In ƙasan ya buɗe zuwa kaskon baƙin mai, a toshe da tsumma mai tsabta, kuma a tuna a cire shi.

7. Duba cikin murfin da idonka. Juya shi ka kalli bayansa. Layi mai ƙyalli ko kwarmi a jiki yana nufin sarka ta daɗe tana dukansa. Masu tsohuwar Hilux mai injin 22R su fi kowa kula da wannan: idan robar da ke tare sarkar ta karye, sarkar kan ci murfin har ta huda hanyar ruwa, ruwa ya gauraya da baƙin mai ya koma fari-fari. Duk gutsuren roba ko ƙarfe da ya ɓace, yana cikin kasko, kuma zai iya toshe rariyar famfon mai. A sauke kaskon a wanke. Tenshinan Fijo da matsin baƙin mai yake aiki, saboda haka a tabbatar ƙaramar kafar da ke kai masa mai ba ta toshe ba.

8. A mayar da natsuwa. Bayan an ɗora sabuwar sarka a kan alamomi kuma an saki tenshina, a juya injin da hannu zagaye 2 cikakku. In wani abu ya tokare, a tsaya, kada a tilasta. Kuskuren haƙori ɗaya ya isa ya kashe ƙarfin mota. Na haƙora da yawa yana iya haɗa bawul da fistan. A kankare tsohon gasket tas, a shafa gam kaɗan, ba a lafta ba, don abin da ya malala ciki yana toshe hanyoyin mai. A ɗaura notuka sako-sako tukuna, a zura fuli murfin ya zauna a tsakiya, sannan a ɗaure su bi da bi. A zuba sabon baƙin mai, a saita taimin, a bar injin ya yi zafi ana duba yoyo.

9. Kare sabuwar sarkar da kuma mutanen gida. Abin da ke kashe sarka shi ne baƙin mai da ya tsufa ko ya ragu. Duba ma'auninsa kowane mako, ka sauya shi da filta a kusan kilomita 5,000, ko ƙasa da haka in motar tana yawan bin hanyar ƙasa. Guji man da ake aunawa a bakin titi ba a san asalinsa ba. Idan a gida aka yi aikin, kada a bar tsohon mai ko ruwan lagireto a buɗe inda yara da dabbobi ke kaiwa, musamman in an zuba masa maganin sanyaya inji, domin guba ne. Kada a zubar a kwata. A zuba a jarka a kai gareji.

Kuɗin sarka da giyoyinta ba su kai kusa da kuɗin sauke inji ba. In ka fara jin ƙarar nan da safe, kada ka jira sai ranar da ka ɗauko iyali za ku yi doguwar tafiya. Kai motar a duba ta a wannan makon.