Darasi: Kwanciyar Hankalin Ma'aikaci da Ingancin Aikinsa

'Yan'uwa, da yawa daga cikinmu ma'aikata ne, waɗansu kuma suna da ma'aikata a ƙarƙashinsu, ko a makaranta, ko a asibiti, ko a shago, ko a gona. Sau da yawa mukan ji shugaba yana kuka cewa mutanensa ragwaye ne, ba sa zuwa kan lokaci, ba sa kula da kayan aiki. Maganin da akan fara tunani kuwa shi ne tsawa da barazanar kora. A darasin nan muna so mu bincika ko lalle laifin na ma'aikaci ne shi kaɗai. Za mu dubi abin da ya faru a wata masana'anta a Amurka, sa'an nan mu auna kanmu da shi.

ABIN DA YA FARU A FREMONT

Kamfanin General Motors yana da masana'antar haɗa motoci a garin Fremont, jihar Kalifoniya. Ta yi ƙaurin suna wajen rashin ingancin aiki da yawan rigima tsakanin shugabanni da ma'aikata. A rana ta aiki, kimanin mutum ɗaya cikin biyar ba ya zuwa. A shekarar 1982 aka rufe ta.

A 1984 kamfanin Toyota na Japan ya haɗa gwiwa da General Motors, suka sāke buɗe ta da sunan NUMMI. Ginin bai sauya ba, ƙungiyar ƙwadago ba ta sauya ba, galibin waɗanda aka ɗauka kuma tsofaffin ma'aikatan nan ne da aka yi wa shaidar lalaci. Amma cikin 'yan shekaru kaɗan motocin da suke haɗawa suka shiga sahun gaba wajen inganci a dukan masana'antun General Motors, fashin aiki kuma ya sauko ƙasa da kashi 5 cikin 100. Tun da yake mutanen su ne na dā, sai mu nemi dalilin a yadda aka riƙe su. Abubuwa uku ne suka fito fili.

1. TAIMAKO A BAKIN AIKI

An tura ɗaruruwan ma'aikata Japan domin horo. Da suka dawo aka rarraba su ƙungiya ƙungiya, mutum biyar ko shida da jagoransu. An kuma rataye igiya a gefen layin haɗa mota. Duk wanda ya ga matsala sai ya ja igiyar, jagoransa ya zo da sauri ya taimake shi, idan abin ya gagara layin ya tsaya har a gyara. A dā tsai da layi babban laifi ne, saboda haka akan bar kuskure ya wuce, mota ta fita da aibinta.

Darasin a nan shi ne, mai jin tsoro yakan ɓoye kuskure. Malamar asibitin da ta san za a ci mutuncinta gaban jama'a ba za ta faɗa cewa ta yi kuskuren awon magani ba, marar lafiya ne kuwa zai sha wahalar shirunta.

2. TABBACIN ƊOREWAR AIKI

Kamfanin ya rubuta alkawari da ƙungiyar ƙwadago cewa ba zai sallami ma'aikata ba sai idan rayuwar kamfanin kanta tana cikin haɗari, kafin a kai ga haka ma za a fara rage albashin manya. A 1988 ciniki ya faɗi ƙwarai, amma ba a sallami kowa ba, aka yi amfani da lokacin wajen ƙara horo. Daga nan ma'aikata suka gaskata cewa maganar ba ta fatar baki ba ce.

Dalilin a bayyane yake. Wanda ya san cewa idan ya nuna hanyar sauƙaƙa aiki za a rage mutane, watakila har da shi, ba zai buɗe baki ba. Wanda kuma bai san ko yana da aiki wata mai zuwa ba, rabin hankalinsa yana wajen neman wata mafita. Ba mu ce akwai aikin da ba ya ƙarewa ba, gama NUMMI ma an rufe ta a 2010, bayan da General Motors ya faɗa cikin karayar arziki a 2009 ya janye hannunsa. Abin da ma'aikaci yake bukata shi ne ya san ba za a kore shi don son zuciyar wani ba, kuma akwai ƙa'idar da za a bi.

3. GAMSUWA DA AIKI

A 1959 wani masani mai suna Frederick Herzberg da abokan aikinsa suka wallafa binciken da suka yi a kan injiniyoyi da akantoci kimanin 200 a yankin Pittsburgh. Sun lura cewa abubuwan da ke ɓata wa ma'aikaci rai, watau mugun shugabanci da rashin kyan wurin aiki da matsalar albashi, dabam suke da abubuwan da ke sa ya ƙaunaci aikinsa, watau ganin ya cim ma wani abu, da yabo, da amanar da aka ba shi. Masana sun yi ta muhawara a kan wannan rabe-rabe, amma dai ya tuna mana cewa dukan biyun ana bukatarsu. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, don haka yabo ba ya maye gurbin albashi. Albashi kuma shi kaɗai ba ya sa malami ya tsaya bayan an tashi domin yaron da bai gane karatu ba.

ABIN DA IKKILISIYA TA KOYAR

A 1891 Paparoma Leo na 13 ya koyar cewa yardar ma'aikaci da ƙaramin lada ba ta mai da ladan ya zama na adalci ba, idan yunwa ce ta tilasta masa yarda. A 1981 Paparoma Yohanna Bulus na 2 ya nanata cewa an yi aiki domin mutum ne, darajar ɗan adam kuma tana gaba da jari da riba. Dokokin Ikkilisiya na 1983, a doka ta 1286, sun umarci masu kula da dukiyar Ikkilisiya su kiyaye dokokin ƙwadago na ƙasa, su kuma biya ladan da zai ishi ma'aikaci da iyalinsa. Saboda haka ba mu kyautata wa ma'aikaci domin amfanin da za mu samu kawai ba. Haƙƙinsa ne tun kafin a yi maganar riba.

MU AUNA KANMU

Ikkilisiya ma tana da ma'aikata: katikis, malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, direba, mai dafa abinci, mai gadi. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin wata 3 su wuce da fara aiki. A 2024 an ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa naira 70,000. Gaskiya ne dokar ba ta tilasta wa mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, amma farashin masara a kasuwa ɗaya ne ga kowa. Kada mu fake da cewa aikin Allah ne, mu bar katikis wata uku ba lada. Inda kuɗi suka gaza, a gaya wa ma'aikata gaskiya, a sa ranar biya, a kuma cika.

Ku ma'aikata kuma, amana tana neman amana. Wanda aka riƙe da mutunci, wajibi ne ya kiyaye lokaci, ya tsare kayan aiki, ya faɗi kuskurensa da kansa.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Ma'aikata nawa ne a cocinmu da makarantarmu suke da takardar ɗaukar aiki a rubuce?
2. Idan ƙaramin ma'aikaci ya ga abin da ba daidai ba, wa zai gaya wa ba tare da fargaba ba?
3. Yaushe majalisar coci ta zauna ta duba ladan katikis a karo na ƙarshe?

Muna roƙon kowace zumunta ta tattauna waɗannan tambayoyi a taronta na gaba, ta kai wa Fada amsoshinta a rubuce. Ubangiji ya albarkaci aikin hannuwanmu. Amin.