Filin Shawara: Ƙarar da Ta Hana 'Yata Barci

Gwaggo, 'yata ce mai shekara 13, yau kwana goma ke nan ba ta barcin kirki. A wayar yayanta ta ga wani bidiyo da aka turo ta WhatsApp: ga gari cikin dare, ga wata ƙara mai kama da gunjin ƙarfe tana fitowa daga sama, an rubuta wai Mala'ika Israfilu ne ya fara gwada ƙahonsa. Tun daga ranar, ko jirgi ya wuce sai ta zabura ta ƙanƙame ni. Ta ce ba za ta koma makaranta ba tunda duniya ta zo ƙarshe. Mahaifinta ya ce a ƙyale ta, tsoron Allah ne ya shige ta. Ni kuwa ramewa nake ganin tana yi. Yaya zan yi?

Uwa cikin damuwa, Zariya

Sannu, ƙanwata. Allah ya yaye mata. Ki gaishe min da maigidanki, amma a nan ban bi shi ba. Tsoron Allah yana tayar da mutum ya yi alwala, ya gyara tsakaninsa da jama'a. Abin da ke hana yarinya ci da barci firgici ne, kuma maƙaryaci ne ya dasa mata shi.

Ki zaunar da ita da rana tsaka, kada ki bari sai dare. Kada ki ce mata babu komai, domin ta yi Islamiyya, ta san busa ƙaho gaskiya ne. Ki buɗe mata Suratuz Zumar, aya ta 68. A can aka bayyana cewa busar farko za ta kayar da duk wanda ke sammai da ƙasa, sai wanda Allah ya so, ta biyu kuma ita ce za ta miƙar da matattu. Sai ki tambaye ta a hankali: wa zai saura a tsaye riƙe da waya yana ɗaukar bidiyo? Babu aya, babu hadisi ingantacce, da ya ce za a yi wa ƙahon gwaji. Mala'iku ba 'yan koyo ba ne, abin da aka umarce su shi suke yi, a lokacin da aka umarce su. Kafin ranar kuma akwai manyan alamomi goma da Imamu Muslim ya ruwaito daga Huzaifa ɗan Asid, cikinsu har da Dujal, da saukowar Annabi Isa, da fitowar rana daga yamma.

Ki tuna mata hadisin Jibrilu, na biyu a Arba'una, wanda ƙila ta haddace. Shugaban mala'iku ya zo cikin siffar mutum, ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yaushe Sa'a za ta tsaya. Amsar ta nuna cewa daga mai tambaya har wanda aka tambaya, babu wanda aka bai wa wannan sani. Abin da aka ɓoye wa waɗannan biyu ba zai faɗo hannun mai neman mabiya a intanet ba. Abu Huraira ma, da ya ruwaito cewa tsakanin busa biyun arba'in ne, aka tambaye shi kwana ne, ko wata, ko shekara, sai ya ƙi ƙara kalma ɗaya a kan abin da ya ji. Wannan ladabin ne ya yi mana ƙaranci a yau.

Kada kuma ki kunyata ta. Tirmizi ya ruwaito cewa da Annabi ya ba sahabbai labarin mai ƙaho, cewa ya riga ya sa shi a baki yana jiran umarni, abin ya yi musu nauyi ƙwarai. Bai ƙara musu tsoro ba. Addu'ar nan ta Hasbunallahu ya koya musu. Ki gaya mata mazajen da suka fi mu imani sun ji irin abin da take ji, sannan ki koya mata abin da aka koya musu.

Akwai laifinmu, mu manya, kuma yana ci mini rai. In za mu ambaci mala'iku a gaban yaro, sai Munkar da Nakir, sai Maliku mai tsaron wuta, sai ɗaukar rai. Mun mayar da su abin razanarwa, alhali Suratul Anbiya ta ce a ranar firgici mafi girma su ne za su taro muminai da albishir, Suratu Fussilat ta ce suna sauko wa masu tsayuwa a kan gaskiya suna kwantar musu da hankali, Suratur Ra'adi kuma ta ambaci masu gadin ɗan Adam gaba da baya, suna karɓa-karɓa. Bukhari ya ruwaito cewa wanda ya karanta Ayatul Kursiyyu zai kwanta, Allah zai sa masa mai tsaro har safe. Ku riƙa karantawa tare, hannunki a kanta. Ta kwana a ɗakinki na ɗan lokaci, gobe kuma ki raka ta makaranta da ƙafarki. Yayanta ya goge bidiyon. In aka ƙara mako biyu barci da cin abinci ba su dawo ba, ku kai ta asibiti. Neman magani ba raunin imani ba ne.

*

Gwaggo, mijina ya ce zai sayar da gonarmu mu tafi Umara mu ƙi dawowa, wai mala'iku na gadin Madina, Dujal ba zai shiga ba. 'Ya'yanmu biyar.

'Yarki, Maraɗi

'Yata, hadisin gaskiya ne, Bukhari da Muslim duk sun kawo shi: mala'iku za su tsare hanyoyin Makka da Madina, Dujal ba zai shiga ba. Amma mijinki bai ƙarasa karatun ba. Hadisin nan dai ya ce Madina za ta girgiza sau uku, duk kafiri da munafiki su fita zuwa gare shi. Ashe zama a garin kaɗai ba ya tsirar da kowa. Mu na nesa kuma ba a bar mu haka ba: an ce mu haddace ayoyi goma na farkon Suratul Kahfi, mu nemi tsari daga fitinar Dujal a ƙarshen tahiya. Ana iya yin wannan a Maraɗi.

Wanda ya shiga da bizar Umara ya maƙale, rayuwar ɓoyo zai yi, ba aiki na halal a fili, yara ba makaranta, ƙarshenta a kama shi a dawo da shi, ga gona ta tafi. Kada ki yi masa gardama ke kaɗai. Ki sami yayansa ko limamin unguwarku wanda yake jin maganarsa, su zauna da shi kafin dillali ya kawo mai saye. In kewar Madina ce ke cinsa, ku tara daga amfanin gonar nan, ya je ya yi ziyara ya dawo.